Balis Ƙarƙashin Albasa

Madawa, Yuni 1996

Zuwa ga Uwar Godiya,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ina lahiyarki, ina su Baba da Inna da mutanen Karofane? Godiya ta daina tarin nan?

Ban ga laihinki ba da kinka ɗauki ɗiyarmu kinka tahi gida. Tun bara da jirgin asibiti ya sabka dole cikin duwatsun Keita, ni da matuƙi, anka yi ta nemanmu har anka hwara yi miki gaisuwar mutuwa, na san hankalinki bai kwanta ba. Kin ce in bar shiga jirgi ko ki zamna can. To ni ne makanikinshi. In an tahi ɗauko mara lahiya injin ya yi gardama, wa za ya duba?

Ga labari. An sayo muna wani ɗan akwati, balis sunanshi. In jirgi ya hwaɗi sai ya yi ta kuka cikin iska, kukan da na'ura kaɗai ke kamawa, a ji, a gane inda yake. Ni zan ɗaura shi, mai bincike ya zo daga Yamai ya sa hannu. Kalla direba za ya kawo shi.

Gidan ya yi mini girma.

Mijinki,
Mika

Madawa, Yuli 1996

Zuwa ga Uwar Godiya,

Ina gaisuwa, ina damana? Ruwa ya samu can?

Kin san Kalla da son labaru. Kan hanya ya buɗe kwalin, ya ga akwati da 'yar sanda ta ƙarhe, ya ɗauka radiyo ce. Ya ja sandar, ya murɗa, bai ji komi ba. Sai ya ce Nasara sun sayi lalatacce, ya tura shi ƙarƙashin buhunan albasa, a kunne!

Wani babban jirgi mai wucewa ya ji kukan, ya hwaɗa wa Yamai jirgi ya hwaɗi wajenmu. Ga mai bincike da jandarmomi da na'urarsu, suna bin kukan har tsakiyar kasuwar Madawa, har gindin motar Kalla. Wayyo Kalla! Shina ta rantsuwa shi albasa kawai ya ɗauko.

Mai binciken ya iso wurina ranshi ɓace, ya ce ba ya sa hannu sai ya ga komi da idonshi. Na ce madalla. Na canza batir, na ɗaura balis kusa da wutsiyar jirgi, na ja waya, na ɗaure kowace ƙusa shina tsaye kaina. Ya girgiza, ya leƙa, ya gwada, ya sake gwadawa. Ya sa hannu, har ya tambayi inda na koyi aiki. Ba zan ɓoye miki ba, kaina ya yi girma, da ƙyar na wuce ƙohwar gareji.

Jiya munka ɗauko wata mata daga Allakaye, haihuwa ta tsaya mata. Ita da jinjirin suna lahiya.

Uwar Godiya, ban iya yi miki alkawarin jirgi ba za ya sake sabka dole ba, wannan na Allah ne. Amma tun daga Yamai anka bi abin nan har ƙarƙashin albasa anka same shi. Yanzu bayana yake cikin jirgi, kuma da hannuna na ɗaura shi. Ba mai sake yi miki gaisuwa ina da rai.

Kalla za ya biyo ta Karofane ran kasuwa. Na ce ya aje miki wurin gaba.

Naki har kullum,
Mika