Tarwaɗar Baba Alhaji da Ruwan Jikokinki

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, na rubuto ne in ba ki labarin da, da kina raye, sai kin yi salati har maƙwabta sun leƙo. Mun gina wurin ninƙaya a sabon gidanmu na Nguru. E, Inna, rami muka sa aka haƙa, aka lulluɓe shi da tayil shuɗi, muka cika shi da ruwa da gangan, a gidan da jikokinki Hauwa da Fanna suke kwana.

Na san abin da za ki ce. Tun ranar da kogin Gashuwa ya tafi da Yaya Bukar ba ki sake barin ɗayanmu ya taka ruwan da ya wuce idon sawu ba. Ko wanki muka raka ki, a tudu kike zaunar da mu, kina cewa, "Ruwa bai san ɗan kowa ba." Haka na girma, na je jami'a na karanta kimiyyar sinadarai, na san sunan duk abin da ke cikin ruwa, amma ban iya shigarsa ba. Maganarki gaskiya ce. Sai dai mu da damina takan cinye mana hanya har mu koma kwalekwale, na ga gara yaran nan su iya iyo.

Gina ramin bai ba ni wahala ba. Yadda za a tsaftace ruwan shi ne ya raba kan gida.

Baban Hauwa ya so na'urar gishiri. Ya gan ta a wani otal a Abuja, an ce masa ruwanta babu sinadari. Na bari ya gama cin tuwo, sannan na faɗa masa cewa aikin na'urar kawai shi ne ta mayar da gishirin ya zama kulorin ɗin da yake gudu. Kuma tana son wuta kullum, mu kuwa wutarmu baƙuwa ce, takan zo ta gaishe mu ta koma. Ga ruwan burtsatsenmu mai ɗanɗanon kanwa, zai toshe ta, mai gyaranta kuma yana Kano. Sai ya kawo maganar wata fitila da haskenta ke kashe ƙwayoyin cuta. Tana kashewa, amma sai abin da ya bi ta gabanta a cikin bututu. Abin da yaro ya saki a tsakiyar ruwa ya yi shiru, babu ruwanta da shi.

Na zaɓi kulorin, da injin tacewa mai aiki da sola, da ɗan abin gwaji da ke canza launi ya nuna ko maganin ya yi daidai. Ya yarda yadda maza ke yarda: ba a jima ba na ji yana gaya wa abokansa shawararsa ce.

Mun cika ruwa ke nan, ban kai ga zuba maganin ba, na dawo daga aiki na tarar da tarwaɗa suna zagaye a ciki, hankalinsu kwance. Baba Alhaji ne, surukina, wanda kika sani ya tsufa a cinikin bandar kifi a kasuwar Nguru. A jarka ya kawo su daga wurin masunta, kamar yadda yake saka wa rijiyar gidansa don su cinye tsutsa. Fanna har ta raɗa musu suna. Da ya ji maganina zai kashe su, sai ya aiko Hajiya, matarsa, da saƙo: ruwan da tarwaɗa ba za ta rayu a ciki ba, jikokinsa ba za su shiga ba.

Ke kika koya mini ba a yi wa suruki lacca. Kuma a rijiya maganarsa daidai ce, sai dai babu mai shiga rijiya ya yi wasa. Na dakatar da zuba maganin. Kafin mako ya zagayo gansakuka ta mayar da ruwan kore, kwaɗin unguwa suka tare a gidanmu da iyalansu. In da kifi, ni ba zan bar yara su shiga ba. In babu kifi, kakansu ya hana. Baban Hauwa kuwa nan take ya tuna yana da aiki a Damaturu.

Sai na kwashe tarwaɗan da mutunci na mayar da su wani tanki a bayan kicin. Muka juye koren ruwan a gindin mangwaro, muka goge tayil, muka cika sabo. Na zuba magani, na jira, na gwada, launi ya fito yadda ake so. Na aika aka ɗauko Hajiya, na sa aka rufe ƙofa.

Inna, na shiga. Da doguwar riga da wando, ta ɓangaren da ruwan bai wuce ƙugu ba, kusa da ƙarfen dafawa da aka kafa a gefe. Hajiya tana bakin ruwa da carbi tana cewa, "Ke 'yar nan, riƙe ƙarfen, ni ban iya ceto ba!" Na toshe hanci na nutsar da kaina. A ƙarƙashin ruwan shiru ne irin wanda ban taɓa ji ba, kuma ke na tuna. Da na ɗago, Hajiya ta shinshina gashina, ta buɗe mini ido ta duba, ta ce a bari a ga kwanana.

Washegari Baba Alhaji ya zo da kansa. Na durƙusa na gaishe shi. Ya daɗe yana dubana, sannan ya juya ga Hajiya ya ce, "To, wannan tarwaɗar ta kwana lafiya. A bar yaran su shiga."

Yanzu wata malamar motsa jiki daga makarantar 'yan mata ce ke koya musu. Akwai shinge kewaye da ruwan, makullin yana hannuna, kuma ba sa shiga sai ina tsaye. Jiya Fanna ta kwanta rigingine a kan ruwa ta saki hannun malamar, ruwan ya ɗauke ta, tana kallon sama tana dariya. Ni ina gefe riƙe da ƙarfe ina buga ƙafa, Hauwa tana cewa kada in ji tsoro, tana nan kusa.

Allah ya jiƙan ki, Innata, ya haskaka makwancinki, ya kwantar miki da hankali a kanmu. Allah ya raya yaran nan, ya tsare su a tudu da cikin ruwa. Amin.

Taki har kullum,
'Yar autarki, Yagana