Man Gyaɗa a Jar Kujera

Assalamu alaikum, Baba. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji.

Wata Talata da safe, farkon sanyi, na yaye mayafin wata tsohuwar mota a garejin da muke aiki a Manassas, nan Amurka, ni da ƙanena Habu. Motar ta girme ka. Kujerarta ta baya jar fata ce, irin jan da kake so. Na tarar ɓeraye sun huda ta wuri uku, sun zaro audugar ciki sun yi gida, ga kashinsu kamar an watsa riɗi. Baba, da na gani, daɗi na ji. Shi ya sa na rubuto.

Masu hali ne suke kawo motocin kakanninsu a ajiye musu a nan, ba a hawa sai ranar biki. Ni ne mai ɓera. In cusa soson ƙarfe a bakin salansa, in ɗiga man na'ana'a a auduga in tura ƙarƙashin kujeru, in jera tarko a jikin bango, don ɓera ba ya son ratsa fili. Shekara shida ina wannan. Habu bara ya zo da Turancinsa na makaranta, wata uku kacal maigida ya miƙa masa jar motar ya gyara fatarta. Shi ke tsayawa da masu mota yana bayani, ni ina baya riƙe da bokiti.

Ba yau aka fara ba. Shekara goma sha ɗaya na yi a rumfarka ina shaƙar warin fata, shi yana aji. Ranar Asabar ya zo ya ɗinka jaka guda, sai ka ɗaga ta kana nuna wa maƙwabta, kana cewa, "Hannun Habu hannuna ne." Da ciwonka ya yi tsanani, shi ka ba basillarka mai ƙotar ƙaho. Ni kuwa cewa ka yi in riƙe ƙanena.

Ina wurin, a garejin nan, ranar da Habu ya fito da kwalbar man gyaɗa daga jakarsa. Fatar kujerar ta bushe tana tsattsagewa, sai ya yi yadda kake yi, ya ɗumama man a tafin hannu yana murzawa a hankali. Ta sha, ta yi laushi, har tana sheƙi. Amma kai kayanka a rataye suke, kafin sati an saye, ga kyanwa a rumfa. Nan mota ce za a rufe wata biyar kusa da gona. Na san abin da zai biyo baya, don shekarata ta farko a ƙasar nan haka ɓeraye suka cinye mini takalmi. Na buɗe baki zan ce, Habu bari, sai na ji maigida yana yabon hannunsa. Na rufe bakina na koma kan tarkona.

Safiyar Talatar nan maigida ya sunkuya ya shinshina kujerar, bai ko dubi tarkona ba. Ya ce mai mota zai zo nan da wata guda, in ya ga wannan, Habu ya nemi wani aikin. Habu ya tsaya yana kallon hannayensa.

Na ce a ba ni sati uku. Na wanke man da sabulun fata sau bakwai. Na yanko fata daga ƙarƙashin kujerar, inda ido ba ya kaiwa, don shekarunsu su zo ɗaya, na fefe bakinta har ta yi kamar takarda. Na ce Habu ya ara mini basillarka. Ran nan na fara riƙe ta, Baba. Ashe haka take da sauƙi a hannu.

Mai mota ya zo ya shafa kujera bai ga komai ba. Maigida ya ce aikin 'yan uwan nan ne, mutumin ya juya ya kama hannun Habu, don shi ya iya amsawa. Abin ya sake taso mini, ba zan ɓoye maka ba. Shi kuwa Habu har a masallaci a Silver Spring yana faɗa wa mutane Yaya ne ya rufa masa asiri. Duk sanda ya faɗa, sai in rasa inda zan sa idona.

So nake a ce sau ɗaya ka ɗaga ɗinkina ka nuna wa wani. Wannan ya fito da kyau, Babana, da ka gani.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya cire mini abin nan daga zuciya kafin mu haɗu.

Habu zai karanta wannan, na san kuma zai ce Yayansa ba zai yi haka ba. To ya tambayi Malam Idrissa, mutumin Damagaram, direban janwenmu. Yana gefena da kofin shayinsa ranar kwalbar, ya ga na buɗe baki, ya ga na rufe.

Ɗanka,
Lawan