Dukan da Bitrus ya sha a madadina

Assalamu alaikum Anti, da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma a ji ni tukuna kafin a zage ni.

Ni ne mai kula da kwamfutoci a wani kamfanin rarraba ruwan roba a nan Abuja. Bana oga ya ce duk manyan kamfanoni sun koma amfani da manhajar da ke bin sawun mota, tana auna aikin kowane direba da kanta, mu ma ba za a bar mu a baya ba. Ni na ɗora ta, ni na saita mata cewa duk wanda ya yawaita tsayawa a hanya ta rage masa maki. Ban tuna da cunkoson Nyanya ba, ban tuna mutum yana tsayawa sallah ba. Ba a jima ba aka sallami direbobi da dama ta saƙon waya.

Da tsakar rana suka dawo, da gorori da ƙarfen kwance taya. Suka ture maigadi, suka ɓalle ƙofar ofishinmu. Babbansu ya shaƙe ni, ya gwara kaina da bango, ya ce, "Wa ya sa injin ya kore mu?" Anti, ina ganin jini a rigata sai hannuna ya nuna abokin aikina Bitrus. Bitrus fa jan wayoyi da gyaran firinta kawai yake yi. Suka yi kansa. Na ji ƙarar karyewar hannunsa, yana cewa, "Me na yi muku?" suna tattaka shi, har suka rotsa masa allon kwamfuta a fuska. Ni kuwa ina ƙarƙashin tebur. Wane irin namiji ne ni?

Idonsa na hagu ya tafi. Bai ga sanda na nuna shi ba, yana duƙe yana haɗa waya. Da na je duba shi a gidansa da ke Jikwoyi, matarsa ta durƙusa ta ce, "Oga, Allah ya saka da alheri, kai ka kai shi asibiti." Shi kuma ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗan'uwa, gara da ba su ji maka ciwo sosai ba." Na kasa haɗa ido da shi.

Yanzu an kama babban direban, 'yan sanda sun ce ni zan ba da shaida, Bitrus ma zai zo. In direban ya faɗi wanda ya nuna shi fa? In riga shi faɗa wa Bitrus, ko in ja bakina? Ga oga yana cewa in ƙara tsaurara manhajar. Me zan yi?