Dakalin Gidan Marigayi Kyari

Zuwa ga Mama Hajja, a Keana.

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Nana Hadiza da jikoki. Ni ce Ngumimi, 'yar hayarki ta ɗakin kusa da rijiya. Na san kunnenki ba ya jin waya sosai, shi ya sa na ba direban Keana wannan takarda.

Mama, na gaji. Likita ya ce maigidana Aondover zai iya komawa gida, amma tun hatsarin babur ɗin nan ƙafafunsa sun daina aiki, sai keken guragu. Kin san dakalin ƙofar gidanki, tsayinsa ya kai gwiwa, keke ba zai hau ba. Na roƙi a fasa gefe ɗaya a yi gangare. Ƙanen maigidana, Tersugh, birkila ne, shi zai yi aikin.

Mun zauna mitin ranar Lahadi yadda aka saba, ana tambayar kowa bi da bi. Kowa ya yarda sai Oga Aloysius. Shi bai taɓa cewa a'a ba. Sai ya gyara tabarau ya ce, "Ni ban ƙi ba o, amma a sake dubawa." Da farko ya ce ruwan sama zai shigo gida. Tersugh ya ce zai yi kwata. Lahadi ta gaba ya ce an fara mitin kafin ya dawo daga coci, don haka bai ƙirgu ba. Ta gaba kuma ya jawo maganar awakin Halimat, yana ta zuba har aka kira magariba kowa ya watse.

Gidanki ne, Mama. Ki yi magana ɗaya ta wuce.

Taki mai ladabi,
Ngumimi

*

Zuwa ga 'yata Ngumimi, a Lafia.

Bayan sallama, ina yi wa Aondover sannu, Allah ya kawo sauƙi. Nana Hadiza ce ke rubuta mini.

Na ji takardarki, kuma raina ya ɓaci. Aloysius na san shi tun yana da gashi. Ko gishiri aka ce masa gishiri ne, sai ya ce a kawo ya ɗanɗana.

Amma 'yata, ba zan iya ba da umarni ba. Shekarar da gari ya rikice, mutanen gidan nan sun taɓa ɗaga hannu a kan wata magana, sai aka duba aka ga masu masallaci gefe ɗaya, masu coci gefe ɗaya. A ranar ne maigidana Alhaji Kyari ya rantse ba za a sake ƙirga hannu a gidansa ba, kuma shi ma ba zai yanke wa kowa hukunci ba, sai kowa ya ce ya yarda. Da wannan muka zauna lafiya. Kafin ya rasu ya sa na yi masa alkawari. In na karya domin ki yau, gobe wani zai zo in karya dominsa.

Na aika wa Aloysius tasa takardar, kuma ban sassauta masa ba. Ki ƙara haƙuri.

Uwarki,
Hajja

*

Zuwa ga Hajiya Mai Gida.

Ranki ya daɗe, ina gaisuwa irin ta girmamawa.

Na karɓi saƙonki da mamaki. A rubuta a ajiye: ni ban taɓa ƙin gangare ba. Aondover ɗan'uwana ne, ni na fara kai masa lemo asibiti. Abin da nake so kawai a bi tsari. A ofis na yi aiki har na yi ritaya, na san yadda gaggawa ke ɓata abu.

Kuma a gidan nan, ranki ya daɗe, mutane suna wuce ni da safe kamar turmi. Sai ranar Lahadi ake tuna cewa ina da baki. To, in an tambaye ni, dole in yi magana.

Zan kawo shawara a kafa kwamiti ya duba faɗin gangaren.

Naki cikin biyayya,
Aloysius

*

Zuwa ga Mama Hajja.

Ina gaishe ki da kyau. Daga Agyaragu nake rubuto wannan.

Asibiti sun ce suna bukatar gadon. Mazan gida sun ce za su riƙa ɗaga Aondover su haye dakalin da shi, shi kuwa ya ce shi ba buhun doya ba ne da za a riƙa saukewa safe da yamma. Sai muka wuce gidan yayansa a nan.

A hanya ya ce direba ya tsaya a ƙofar gidanki. Bai sauka ba. Yara suka fito suna masa sannu ta taga, ya daɗe yana leƙen tsakar gida, sannan ya ce mu tafi.

Jiya Halimat ta kira ni da murna, wai an zauna, Oga Aloysius ya ce ya gamsu, kowa ya yarda. Na gaya wa Aondover. Ya ce in gode musu, su bar dakalin yadda yake.

Makullin ɗaki yana wurin Halimat. Ban yi fushi da ke ba, Mama, ƙarfin fushin ma babu.

Ki huta lafiya.
Ngumimi