Gorar Ruwan Direba

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da majinyatanki. Mu nan sai godiya. Mahaifiyarki na gaishe ki, ko da yake yau kwana uku ke nan ba ta amsa mini magana sai da hanci. Dalili kuwa shi ne abin da zan gaya miki yanzu.

Na rubuta sunana a tseren kilomita tamanin. Tamanin ɗin dai, ba kuskuren biro ba ne. Saura wata huɗu. Ana tashi ƙarfe shida na safe, wanda bai iso ba kafin bakwai na yamma sai a kwaso shi a mota kamar buhu. Ni kuwa shekara ashirin da shida ina tuƙa bas, fasinja bai taɓa duba agogo ya yi mini tsaki ba.

Kin san asalin abin. Shekara uku da suka wuce likitan kamfani ya dubi tumbina ya girgiza kai, na fara tattaki, tattaki ya zama sassarfa, bara na gama tseren kilomita arba'in da biyu ban sha ruwan da ya kai kofi biyu ba. Samari suna ta tsayawa a kowane teburin ruwa, ni kuwa na wuce abina.

Abin da ba ki sani ba shi ne, Litinin ɗin da ke bin ranar tseren zan miƙa makullin bas. Ritaya ta zo. Kin tuna Dogo, abokin aikina? Da ya ajiye aiki ya sayi kujera mai laushi ya kafa a ƙofar gida, wata goma sha ɗaya muka raka shi makwancinsa. Ba zan ɓoye miki ba, Uwata, ina tsoron kujerar nan. So nake in shiga ritaya a kan ƙafafuna, na san akwai abin da na iya ban da riƙe sitiyari.

Kin ce a waya ba abin da nake faɗa sai "lafiya lau". To ga takarda, direban motar safe zai miƙa miki a ƙofar asibiti. Ke ce nas, ki gaya mini abin da zan ci. Gudun kuwa ki bar mini.

Allah ya yi miki albarka.
Babanki

*

Zuwa ga Baba,

Wa alaikumus salam. Gaisuwa da girmamawa, da fatan kai da Mama kuna cikin ƙoshin lafiya. Na karanta wasiƙarka a tsaye a ɗakin canza kaya, na yi dariya, na kuma share hawaye, abokan aikina suka ɗauka albashi aka ƙara mini.

Zan iya cewa ka bari, amma na san da bango zan yi magana. Kuma gaskiya na yarda za ka iya. Sai dai tunda kai da bakinka kake kirana Uwata, yau zan ci sunan.

Na farko, Baba, labarin kofi biyun nan ba abin alfahari ba ne, sa'a ce, kuma an yi sanyi ranar. Tseren tamanin rabinsa gudu ne, rabinsa ci da sha ne. Awa goma sha uku jiki ba zai tafi da abin da ka ci da asuba ba. Daga wannan makon, duk gudun da ya wuce awa ɗaya ka ɗauki gora. Kurɓa biyu ko uku kowane minti ashirin, ba wai ka ɗaga ka shanye lokaci guda ba. Kowane minti arba'in ka sa wani abu a baki: rabin ayaba, dabino biyu, dafaffen dankali da ɗan gishiri, ko burodi da zuma. Ciki ma atisaye yake so, sai ya koyi aiki kana cikin gudu. Abin da ba ka gwada ba yanzu, kada ya shiga bakinka ranar tsere.

Na biyu, Asabar dogon gudu, Lahadi matsakaici a kan gajiyar jiya, Litinin hutu cikakke. Duk mako na huɗu ka rage. Idan ka zo tudu ka taka, ba wanda zai ƙwace maka lasisi. In ka dawo gida, shinkafa da ƙwai ko kifi kafin awa ɗaya ta cika.

Na uku, ka hau sikeli kafin ka fita da bayan ka dawo, ka riƙa rubuto mini lambobin. Kuma ka koma wurin likitanka ya duba jinin nan kafin ka ƙara nisa.

Ka gaida Mama, ka ce mata ta yi haƙuri da mu.
'Yarka

*

Uwata,

Sallama da fatan alheri. Yau mako bakwai, komai na tafiya daidai. Likita ya ce jinina kamar na ɗan shekara talatin, ko dai arba'in ya ce, ban ji sosai ba. Asabar da ta wuce na yi kilomita talatin da biyar, Lahadi goma sha biyar. Na sayi jakar baya mai aljihun gora biyu, mahaifiyarki ta ce na yi kama da mai feshin sauro.

Dankalin ya karɓe ni, ayaba tana narkewa a aljihu ta ɓata mini riga. Tudu ina takawa kamar yadda kika ce, ko da yake raina ba ya so. Gora kuwa kullum a wofi take dawowa, ki tambayi kowa.

Sikelin ne ya lalace, shi ya sa ban aiko lambobi ba. Ɗan jiri ya taɓa ni ranar Asabar kusa da gadar jirgin ƙasa, na zauna minti biyu ya wuce. Rana ce kawai.

Ki kwantar da hankalinki, tamanin ɗin nan a aljihuna take.
Babanki

*

Ke 'yar nan,

Ina gaisuwa. Ni ba gwanar rubutu ba ce, ki karanta da haƙuri, kuma kada ki ce masa ni na faɗa, ko da yake zai gane.

Sikeli lafiyarsa ƙalau, yana ƙarƙashin gado inda ya tura shi. Ranar Asabar ba zama ya yi ba, faɗuwa ya yi. Mai gyaran taya na bakin gada ne ya ɗauko shi a babur, leɓunansa sun bushe sun tsage, yana ta ce mini wai a duba birki. Sai da na ɗura masa ruwan gishiri da sukari kofi uku ya gane ni.

Gorar kuma da yake cewa a wofi take dawowa, gaskiya ya faɗa. Tun mako uku da suka wuce nake mamakin abin da ya sa furen da ke bakin ƙofarmu ya fi na duk layin kyau. Ranar Laraba na leƙa ta taga na ga babanki a sunkuye yana juye masa gora biyu kafin ya shigo.

Ke ba ki san shi a wurin aiki ba. Shekara ashirin da shida ba ya shan ruwa daga fitarsa har ya tashi, don kada fitsari ya kama shi da fasinja sittin a baya, ba wurin tsayawa. Duk direbobinsu haka suke. Shayin safe ma rabin kofi yake sha. Abin ya bi jikinsa, ƙishi ma ba ya ji. Na yi faɗa har na gaji.

Ni da farko haushin gudun nan nake ji. Yanzu ba na so ya bari, don na ga yadda yake kallon kalanda. Amma ba na so a kawo mini shi a kwance. Ki san yadda za ki yi da shi, ke yake ji.

Mamanki

*

Zuwa ga Baba,

Gaisuwa da ladabi. Ina fatan ka warware. Ina kuma gaida furen bakin ƙofa, na ji an ce ya yi ƙiba.

Na yi fushi, Baba, kwana biyu ina fushi. Na ga irin abin da rashin ruwa ke yi wa ƙoda, ba na so in gan shi a jikinka. Amma da na huce sai na gane ba taurin kai ba ne kawai. Kana jiran ƙishi ya gaya maka ka sha, alhali kai da kanka ka kashe masa murya tun ina goye. Saboda haka mun daina dogara da ƙishi.

Ga takarda na haɗo, na sa an rufe ta da roba don gumi. Jadawali ne irin wanda ke manne a gaban bas ɗinka. Kowane minti ashirin tasha ce. Shida da minti ashirin, tasha ta ɗaya, kurɓa uku. Shida da arba'in, tasha ta biyu, kurɓa uku da dabino. Haka har tasha ta talatin da tara. Ka saita agogonka ya riƙa yin ƙara a kowace tasha. Na san ba ka taɓa tsallake tasha ba ko da ba kowa a tsaye, to wannan ma haka. Kada kuma ka wuce abin da na rubuta wai don ka burge ni, ruwa in ya yi yawa babu gishiri shi ma yana kayar da mutum.

Maganar fitsari kuwa, na sa ta a lissafi. Na ware maka minti ashirin da biyar a cikin awa goma sha uku don wannan kaɗai. Babu fasinja a bayanka, ba mai kai ƙararka. In awa huɗu ta wuce bai zo ba, wannan ne abin tsoro.

Sharaɗina ɗaya ne. Mama ce mai duba sikeli daga yau. In ka dawo ka ragu da fiye da kilo biyu sau biyu a jere, ni da kaina zan kira masu tseren in ce a cire sunanka. Ka san zan iya.

'Yarka mai ƙaunarka

*

Uwata,

Sallama. An kama ni, ba ni da ta cewa. Na ji kunya ƙwarai, musamman da na tuna tun kina ƙarama nake hana ki ƙarya.

Jadawalin ya yi. Makon farko cikina ya riƙa ƙugi kamar tankin da ba a cika ba, na kusa jefar da agogon. Mako na uku ya saba. Asabar da ta wuce na yi hamsin, awa bakwai da rabi, tasha ashirin da biyu ban tsallake ko ɗaya ba, kuma na ratse bayan bishiya sau uku. Na farkon na tsaya ina waige-waige kamar ɓarawo. Na dawo gida da ƙafata, na ragu da kilo ɗaya da ɗigo biyu, sufeto mahaifiyarki ta sa hannu.

Wani abin mamaki, bayan kilomita arba'in ƙafafuna sun fi na da ƙarfi. Ashe duk shekarun nan da rabin inji nake tafiya.

Yanzu mun shiga makonnin ragewa, zaman ya fi gudun wuya. Na ji an hana ki hutu ranar tseren. Kada ki damu, mahaifiyarki ta ce za ta zauna a teburin kilomita hamsin da biyar da kula cike da dankali. Da kanta ta faɗa, ban roƙa ba.

Zan gama, da yardar Allah. Wannan karon ba cika baki ba ne, lissafi ne.
Babanki

*

Ke 'yar nan,

Na san kin ji a waya, amma hayaniya ta hana in ba ki labari yadda ya kamata.

Ya iso wurina ƙarfe uku saura kwata, alhali uku da rabi ake rufe teburin. Fuskarsa fari fat da gishiri, ya ce cikinsa ya ƙi komai, tun kilomita arba'in da takwas yake jin amai, zaƙi ya gundure shi. Ya ce in ba shi hanya ya wuce, lokaci na tafiya. Na ce, "Malam, zauna." Ya ce, "Ba zama a jadawali." Na ce, "Ni na ƙara."

Ya zauna minti goma sha ɗaya yana hararata. Na cire masa takalmi, na shafa masa mai a yatsu, na canza masa safa. Na ba shi dankali da gishiri ɗan mitsi-mitsi kamar ana yaye yaro. Agogon ya yi ƙara yana zaune, ya ɗaga gora ya kurɓa uku ba wanda ya ce masa. Mutane shida suka wuce shi, kowane ya wuce sai ya motsa, ni kuwa na dafa kafaɗarsa.

Da ya miƙe sai na ga launinsa ya dawo. Aka kai mu wurin gamawa a mota. A hanya na ga samari zaune a bakin titi sun haɗa kai da gwiwa, har da biyu cikin shidan da suka wuce shi.

Bakwai saura kwata ba shi ba alamarsa. Na daina kallon agogo, na koma kallon kwanar. Saura minti tara sai ga shi, a karkace kamar bas mai fasasshiyar taya, yana gudu dai, ba tafiya ba. Ni da ban taɓa ɗaga murya a titi ba, na yi ta ihu har sai da wata mata ta riƙe ni.

Da ya tsallake layin, sai ya tambayi mai rataya lambar yabo inda banɗaki yake.

Mamanki

*

Uwata,

Sallama. Na gode, Allah ya saka miki da alheri, ke da mahaifiyarki.

Jiya Litinin na je na miƙa makulli. Minti goma na yi ina hawan matakalar ofis, da baya na sauko. Manaja ya ce in zauna, na ce a'a, in na zauna sai an kira mutum biyu.

Na daɗe ina tunanin ranar nan. Na ajiye makullin a kan tebur, na sa hannu, na yi sallama da kowa. Na fito bakin get na tsaya ina jiran tsoron ya zo, bai zo ba. Yunwa ce ta zo.

Ki rubuto mini kwana nawa zan huta kafin in sake fita gudu.

Babanki