Jan Idon da Ya Hana Ni Kiran Bidiyo

Inna,

Assalamu alaikum. Ya jikin Baba, ya mutanen Zakka? Ya 'yata Zakiyya?

Lafiyata lau, idona ne kawai ya yi ja, shi ya sa na daina kiran bidiyo. Murar tsuntsaye ta shiga shanun gonar da nake aiki a nan Amurka. An ba mu tabarau da takunkumi, amma wata saniya ta ƙi tsayawa sai da na cire su, ta ga fuskata. Ina tatsa, madara ta fantsamo mini a ido. Likita ya ce da sauƙi.

Don Allah a riƙa tafasa wa Zakiyya madara. Na san za ki ce da ɗanya kika rene ni. Ita dai ki rene mini ita da dafaffiya, har in dawo in gan ta da idona garau.

Allah ya ƙara girma.

Ɗanki,
Mannir