Hular da Kika Ɗinka wa Bajamushe

Zuwa ga Hajiya Asabe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, maigidanki ne ke rubuto miki daga Kuala Lumpur, inda ɗanmu Bashir ya kawo ni bayan rasuwarki don likitoci su riƙa duba zuciyata. Muna hawa na goma sha huɗu a unguwar Setapak. Da safe kowa ya fita, sai ni da taga. Amma ba ciwo ko kaɗaici ya sa na ɗauki biro ba. Akwai maganar da na ɓoye miki shekaru masu yawa, yanzu ta fito.

Kin san kundin hotunan nan mai baƙin bango. Tun ina kwalejin horon malamai na fara tara shi. Wata mujallar Turawa ce ke buga adireshin tsofaffin hafsoshin Jamus da suka yi Yaƙin Duniya na Biyu. Mutum ya rubuta, ya manna kan sarki, ya jira wata uku, sai ga hoto ko kati da sa hannu, ƙirji cike da lambobin yabo. Mu a lokacin duk wanda ya taɓa ba Turawan Ingila wahala gwarzo ne a wurinmu. Iyakar tunaninmu ke nan.

Ɗaya daga cikinsu, mai tabo a kumatu, hotonsa na sa wa gilashi na rataye a falo kusa da hoton mahaifinki. Kullum sai kin share masa ƙura. Yara suka taso suna ce masa abokin Baba.

Ke ce kika ce, "Mutum ya aiko maka da fuskarsa daga bangon duniya, kai kuma ka yi shiru? Ba a haka, Malam." Kika sayi zare shuɗi da fari, kika ƙiyasta girman kansa daga hoto, muna ta dariya. Wata biyu kina ɗinkin hular nan tsakanin la'asar da magariba, ga cikin Bashir ya tsufa, ga ciwon baya.

Asabe, kina tsakiyar ɗinkin na samu wani littafi a laburaren makarantar da nake koyarwa. Na ga hotunan sansanonin da Jamusawa suka ƙona mutane a ciki. Na ga sunan rundunar mutumin nan, da abin da ta yi wa ƙauyuka, mata da yara a cikin ɗakunansu. Na karanta yadda suke kallon baƙar fata irinmu. Na mayar da littafin, na hau kekena na dawo gida, na tarar da ke kina tsinke zare da haƙori. Ban ce komai ba. Ina son amsarsa ta biyu, ina kuma jin kunyar a ce Malam mai ilimin boko bai san wa ya rataye a ɗakinsa ba.

Muka aika masa hular. Amsar ta zo, kati ne da sa hannu kawai. Ko kalma ɗaya bai ce a kan hular ba. Na riƙe katin a gabanki kamar ina karantawa, na ce yana godiya, yana sa miki albarka. Kika ce, "Ka gani ko? Ɗan mutunci ne."

Makon jiya takwararki, Ummi, 'yar Bashir, ta ce an umarce su a makaranta kowa ya kawo wani tsohon abu na gidansu. Shekararta goma sha biyu yanzu. Hausarta rabi ce, sauran Turanci da Malayanci, amma "angona" ba ya kuɓuce mata, kuma ita ke kawo mini shayi da safe tana cewa tsoho ya cika ƙorafi. Na ɗauko kundin na ba ta da hannuna. Wallahi ina jin daɗi ma, an tambaye ni wani abu. Na saba da ƙaryar har na manta ƙarya ce.

Ta tsaya gaban aji ta ce ga abokan kakanta. Malamar ta rufe kundin, aka kira Bashir daga wurin aiki. Tun ranar yara ke miƙa wa Ummi hannu sama irin gaisuwar sojojin can idan ta wuce.

Bashir bai ɗaga mini murya ba, kin san tarbiyyarki. Ya ajiye kundin a kan gadona ya ce, "Baba, Allah Ya huci zuciyarka, amma ba a fita da wannan." Ummi kuwa kwana biyar ba ta shigo ɗakina ba. Uwarta ke kawo shayin.

Jiya bayan la'asar na sa aka kira ta. Ta tsaya a bakin ƙofa. Na so in ce ban sani ba, da ta yarda, don tsoho ne ni kuma ƙauye na fito. Sai na gaya mata duka, har da hular. Ta tambaya ko kin sani. Na ce a'a. Ta ce, "To ita ya kamata ka fara gaya wa." Ta juya ta tafi. Yau ma ba ta shigo ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ranar da kika yi sallama da ni a asibiti. Kika ce, "Na yafe maka wanda na sani da wanda ban sani ba." Na karɓa na yi shiru, alhali ni na san wanda ba ki sani ba, kuma akwai sauran numfashi a bakinki da za ki iya ji. Ban sani ba ko yafiyar da aka karɓa haka tana zama halal.

Na cire hotunan daga kundin ɗaya bayan ɗaya, na ba Bashir ya yi yadda ya ga dama da su. Aikin hannunki ne ba ni da yadda zan dawo da shi daga inda na aika shi.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya ba ki ladar kowane zare a kan niyyarki mai kyau, Ya bar nauyin a wuyana. Mutanen ƙauyukan nan da ban san sunan ko ɗaya ba, Allah Ya bi musu haƙƙinsu. Ya sanyaya zuciyar Ummi kafin a kira ni.

Ki yafe mini, yanzu da kin sani.

Maigidanki,
Malam Haruna